Turmin Gwaggo Asabe

Duk wadda ke zaune a nan yau, in dai ta yi karatu a hannun Gwaggo Asabe, to ta hau turmi. Kar wadda ta sunkuyar da kai! Hajiya Binta, ina kallon ki, ke har sau biyu kika faɗo.

Baƙinmu da suka zo daga Mai'adua da Dutsi, bari in yi muku bayani. Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta buɗe makarantar matan aure ta unguwarmu a nan Daura tun ina yarinya. Ana koyon Alƙur'ani da fiƙihu kamar ko'ina, amma ita ta ƙara da wani darasi nata da ta sa wa suna jan ragama. A wurinta, macen da ta san hukuncin alwala amma ta kasa buɗe baki a taro ta faɗi abin da ke damun unguwarsu, karatunta rabi ne. Shi ya sa ta samo wani tsohon turmi ta kife a gaban aji. Duk ranar Asabar sai ta nuna mace ɗaya da carbi, ta ce, "Ke, hau."

Ranar da abin ya faɗo kaina ina amarya, lallen ma bai gama fita ba. Na hau, na ja mayafi na rufe rabin fuska, na yi sallama can ƙasa-ƙasa.

Gwaggo ta ce, "Da wa kike?"

Na ce, "Da jama'a, Gwaggo."

"Jama'ar cikin mayafinki? To, sun amsa?"

Aji ya ɓarke da dariya. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ce, "Ba ke na ji jiya kina ƙwala wa mai kifi kira tun daga ɗakinki har bakin titi ba? Da wannan muryar za ki yi mana magana."

Na ce, "Haba Gwaggo, ai wancan kifi ne."

Ta ce, "To, ki ɗauka mu kifi ne."

Kun kuma san hadisin da ba ya barin bakinta, wanda ke cewa kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Tana gama karanta shi sai ta zuba miki ido ta ce, "To ke, ina garkenki?" Wallahi har likitan haƙori ta taɓa yi wa wannan tambaya, bakinta a buɗe, auduga a ciki.

Tattali kuwa, Allah ya ji ƙan Gwaggo! Alli ɗaya sai ta karya shi uku, ta ɗaure biyu a gefen zane. Wata shekara wata ƙungiya ta gayyace mu bita ta kwana uku a Katsina, a kan shugabancin mata. Mu shida muka je, otal mai sanyi, kujeru masu laushi. Wata yarinya mai gilashi, mai ladabi da ita, ta tashi tana rubutu a kan manyan takardu tana cewa dole shugaba ya zama mai hangen nesa. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Ɗiyata, hangen nesa abu ne mai kyau. Amma kin taɓa raba tukunyar shinkafa ɗaya ga mata tamanin a gidan suna, ba wadda ta tafi da fushi?"

Yarinya ta ce, "A'a, Mama."

"To zauna in gaya miki."

Ta zauna kuwa! Awa guda cur Gwaggo na bayani: wa za ka fara zuba wa, wa za ka ba haƙuri tun kafin ta yi ƙorafi, da yadda za ka ba mafaɗaciyar unguwa ludayi ta riƙe don bakinta ya mutu. Yarinya ta ɗauki biro tana rubutawa. Da aka tashi kowa na ɗaukar hoto, na waiga ban ga Gwaggo ba. Ashe tana can bayan ɗaki tana naɗe takardun da aka yayyage aka zubar.

Na ce, "Gwaggo, don Allah, ana kallon mu!"

Ta ce, "Su kalla. Ba ki ga bayansu fari ne tas ba?"

Shekara biyu muna koyon tajwidi a bayan takardun nan. In ka juya sai ka ga Turanci da kibiyoyi.

Sai batun shawara. Wata guda ta yi tana koya mana cewa shugaba ba ya yanke hukunci shi kaɗai, kuma in jama'a sun rinjaye shi a kan abin da bai saɓa wa addini ba, sai ya bi. Muka ce to madalla. Da ma mun gaji da karatun ƙarfe biyu na rana, ga zafi, ga girki a wuta. Hajiya Binta ta kawo shawarar a mayar da shi bayan la'asar. Aka ce a ɗaga hannu. Aji gaba ɗaya ya ɗaga, Gwaggo kaɗai ta rage.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Lallai kun fahimci darasi. Sai dai makulli a hannuna yake."

Muka watse jiki a sanyaye. Washegari ƙarfe biyu muka zo muka tarar da ƙofa a rufe, muka koma. Ana idar da la'asar sai ga ta tafe, fuska a murtuke kamar an aiko mata da saƙon mutuwa. Ta buɗe, ta zauna, ta ce, "Na bi. Amma ban yafe ba."

Abin da ba zan manta ba shi ne batun Alhaji Mamman, ɗan kasuwar nan mai kai hatsi Kongolam. Ɗakin da muke karatu mahaifinsa ne ya ba makaranta kafin ya rasu, kowa ya shaida, sai dai ba a rubuta ba. Wata rana muka zo muka ga an fitar da tabarminmu waje, an cika ɗakin da buhunan taki, an sa sabon kwaɗo. Wasu suka fara kuka, don ba mu da wani wurin. Mun ɗauka makaranta ta mutu ke nan.

Gwaggo ko a jikinta. Ta ce, "Kowa ta je ta nemo izinin mijinta, gobe a zauren Alhaji Mamman za mu yi karatu. Wanda ya hana, ki ce masa ni zan zo neman izinin da kaina." Ba mijin da ya hana!

Muka je mu arba'in da tabarmi, ana mirgina turmi a gaba. Aka kife shi a tsakiyar zaure. Darasin ranar: amana. Wannan ta hau ta yi bayanin wanda ya tozarta kyautar iyayensa, ta sauka, waccan ta hau. Abokan cinikin Alhaji na zuwa, sai su yi cirko-cirko a ƙofa suna saurare. Har wani ya ce, "Allah ya saka, Malama," bai san da mai gidan ake ba. A rana ta uku Alhaji ya fito hula a karkace.

"Inna, don girman Allah, me kike so da ni?"

"Ni? Karatu muke yi, Mamman. Ka ji an ambaci sunanka?"

"Ba a ambata ba, amma kowa ni yake kallo!"

"To ka tambayi kanka dalili."

Kafin magariba an kwashe buhunan. Gwaggo ta shiga duba ɗaki, ta ga taki ya ɗan zube a lungu. Ta share shi tsaf, ta ƙulle a leda, ta ce, "Wannan na kuɓewata ne."

Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, kwana biyu kacal ta naɗa wa ɗakin mata amira, wata mai karaya a ƙafa, ta ce ita ce ba za ta gudu ta bar jama'a ba. Muka je duba ta ni da Malama Ladidi, ga ta nan zaune, wadda ta zo mana tana sayar da awara ko alifi ba ta sani ba. Gwaggo ta rame, numfashi da ƙyar. Ta ce, "Wa zai ja darasin gobe?"

Na ce, "Mun dakatar, Gwaggo, sai kin warke."

Ta rufe ido. Can ta ce, "Ashe dusa na shuka." Ta laluba ta kamo hannun Ladidi. "Ke za ki ja. In kin yi kuskure su gyara miki, in sun ƙi ji ki yi haƙuri da su. Ni ban iya haƙurin ba, ke kin iya. Ku tashi ku tafi, kun tsare min iska."

Washegari Ladidi ta ja darasi, hawaye na zuba, ba ta tsaya ba. Muna shafa addu'ar tashi aka aiko cewa Gwaggo ta cika.

Ya Allah, baiwarka Asabe ta zo gare ka. Ka yafe mata zafin bakinta, ka san don mu ta yi. Ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi da kowane harafi da ta koya mana, ka haɗa mu da ita a gidan Aljanna. Amin.