Kwafin da Na Hana A Yi wa Muƙabala

A gidanmu na Soron Ɗinki, lokacin da nake tasowa, littafin da aka kwafa da hannu ba ya shiga gafaka sai an yi masa muƙabala. Mutum biyu ne za su zauna a soro, ɗaya ya riƙe na asali yana karantawa da ƙarfi, ɗayan yana bin kwafin da yatsa, kalma bayan kalma. Inda suka tsaya sai a rubuta "balaga" a gefen shafi, wato dubawa ta kai nan. Mahaifinmu, wanda kakansa ya zo daga Barno da littattafai a bayan jaki, ya taɓa ajiye wani kwafi da aka aiko masa kyauta daga Damagaram har damina ta wuce bai karantar da shi ba, don bai samu na asalin da zai gwada shi da shi ba. Yanzu kuwa mutum na zaune zai danna yatsa sau ɗaya ya kwaso rubutun da ya fi na gafakokinmu duka, bai san hannun da ya rubuta ba, bai san hannun da ya taɓa shi a hanya ba. Ni da na girma a wancan soron, da bakina na hana a duba irin wannan kwafi.

Na yi shekaru masu yawa a waje, karatu da koyarwa da ɗan fatauci: Hartum, Alƙahira, Jidda, Fas. Da na dawo gida na tsufa, sai na tarar zuri'armu ta warwatse. Wasu na Dukawuya, wasu na Jakara, wasu sun yi nisa har 'ya'yansu ba sa jin Hausa sosai. Salsalar maza tana rubuce tun zamanin kakanni. Ta mata kuwa babu ita a takarda ko ɗaya. Tana cikin kan yayata, wadda ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, ni ne autan ɗakinmu. Ita ta san wace ta haifi wace har hawa bakwai, wace ta shayar da ɗan wace, wace aka ɗauko riƙo daga ina.

Ba banza aka bar ta a ka ba. A wurinmu sunan mahaifiya abin ɓoyewa ne. Da shi malami ke yi wa mutum addu'a, wane ɗan wance, kuma mutanenmu sun yi imani da shi mugu ke jifan mutum. Na ga ƙasashen da ake cike sunan uwa a takardar asibiti ba wanda ya damu. A unguwarmu tsohuwa za ta ba ka zoben hannunta kafin ta ba ka sunan da aka raɗa wa mahaifiyarta.

Ina so a tattara salsalar a wuri ɗaya, inda na kusa da na nesa za su gani. 'Yar wana, malamar kwamfuta ce a wata makarantar sakandare, mace mai 'ya'ya uku kuma mai natsuwa, ita na kira. Ta ce akwai manhajar jera zuri'a da wasu suka rubuta suka sake ta a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara yadda yake so, ba a biya. Akwai kuma kamfanonin da ke ba shafin intanet masauki kyauta. Ta samo wani kwafi na manhajar da wani ya gyara ya ƙara masa rubutun Larabci, abin da muke bukata ke nan.

Raina ya yi fari. Na tuna randunan sabil da na sha ruwansu a titunan Hartum, waɗanda mutum ke ajiyewa a ƙofar gidansa don mai wucewa. Na ce mata wannan ai wakafi ne, sadaka mai gudana, ashe Turawa ma sun san ta.

Ta ce, "Baba, ka ba ni mako biyu. Wannan kwafin ban san wanda ya gyara shi ba. Ina so in gwada shi da na asali, in kuma nuna wa wani abokin aikinmu da ya fi ni sani. Masaukin ma gara mu kama na biya, mai ajiye mana kwafin abin da muka shigar."

"Malama, an ba ki ruwa fi sabilillahi, sai kin tambayi takardar rijiya?"

"Randar sabil ma akwai mai wanke ta, Baba. Wannan ban san ko an wanke ba."

Na yi dariya na ce ilimin boko ya koya mata zargin bayin Allah. Babbar Sallah ta matso, dangi za su taru, ina so in nuna musu. Na ce ta ɗora shi a intanet. Ta ce to, yadda 'ya ke ce wa ƙanin mahaifinta.

Sai wajen Yaya. Na same ta da hantsi a ƙofar ɗakinta tana tsinke zogale. Na zagaya, na zagaya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Auta, takarda tana yawo. Shi ya sa iyayenmu ba su rubuta ba."

"Wannan ba takarda ba ce, Yaya. Ba ta da ƙafa. Kulle take, sai mai kalmar sirri, sai ɗan gida."

"Kai ka ga kullen?"

"Na gani."

Ban gani ba. Abin da na gani wani ɗan akwati ne a fuskar kwamfuta da ake rubuta kalma a ciki. Amma na yi yawon duniya, ina jin harsuna, ita kuma ba ta taɓa wuce Madina ba, don haka ta yarda. Sharaɗinta ɗaya ne: kada a rubuta komai a takarda. Ta faɗa, 'yar wana ta shigar kai tsaye.

Kowace Asabar bayan la'asar suke zama. Nakan zauna nesa kaɗan, ina jin muryar Yaya tana sauka idan ta zo kan suna, tana cewa Allah ya jiƙanta kafin ta wuce ta gaba. Wani lokaci ta tsaya ta ba da labarin wata kaka mai rini da ta fi mijinta sanin fiƙihu, su yi ta dariya. Sun kai hawa huɗu. Muka ƙara lambobin wayar masu rai, don zumunci. Ranar Sallah na nuna wa dangi a soro, aka yi ta sa mini albarka.

Bayan kamar wata uku, wata Talata da azahar, wayar Yaya ta yi ƙara. Wani mutum ne mai taushin murya ya yi sallama, ya kira ta da sunanta na yanka, 'yar wance, jikar wance. Ya ce shi malami ne, an nuna masa ita a mafarki, akwai jifa a kanta, sai an yi aiki. Ta kashe wayar. Jikarta ta ce ta daɗe zaune da wayar a cinya, ba ta ko motsa ba.

Kafin mako ya zagayo an kira mata shida a danginmu. Wata a Dukawuya, mai ciwon ƙafa da ya ƙi jin magani, ta gaskata, domin wa zai san sunan kakarta in ba wanda aka nuna wa ba? Ta daina shan maganin asibiti tana jiran aikin malamin. Wasu biyu a Jakara, 'yan ɗaki ɗaya, suka daina gaisawa, kowace na zargin 'yar uwarta ce ta kai sunan.

'Yar wana ta zo da kwamfutarta ta zauna a soron nan da mahaifinmu ke zama. Ta ɗauko manhajar ta asali, ta ajiye ta gefe da kwafin da muka ɗora, ta sa na'urar ta gwada su layi da layi. Ko shayin da aka kawo mata bai huce ba ta juyo da fuskar kwamfutar wajena. Ta asalin lafiyarta ƙalau. A cikin namu kwafin, tsakanin gyaran rubutun Larabcin, akwai 'yan layuka da aka cusa. Duk abin da aka shigar, suna tura shi wani wuri a waje tun ranar farko.

Na ce, "Wannan ai muƙabala kika yi."

"Ita na roƙa, Baba."



Na ce to a rufe shafin, a kwashe abin da ke ciki. Ta ce an riga mu. Kamfanin masaukin ya ga shafinmu na aika saƙonnin banza ga mutane, ya goge shi gaba ɗaya. Ta rubuta musu sau uku, na rubuta da Turancin da nake taƙama da shi. Amsa ɗaya ce ke dawowa, ta na'ura, cewa masaukin kyauta ba ya ajiye wa kowa kwafi. A Alƙahira na taɓa rasa jakata, na samu ofis da mutum a ciki na yi masa magiya. Nan babu ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Hawa huɗu na sunayen iyayenmu mata suna hannun mutanen da ba mu sani ba, mu kuma ba mu da su.

Na kwana biyu ina kewaya ɗakin Yaya kafin na shiga. Na durƙusa kamar yadda nake yi ina yaro, na faɗa mata komai, har da cewa an roƙe ni a duba na hana.

Ta ce, "Ka ce ba ta da ƙafa."

"Na ce."

"Ashe fiffike gare ta." Ta gyara mayafinta. "Mutumin nan ya kira sunan Inna, Auta. Ni da na sha nononta ban taɓa kiransa a gaban mutane ba. Shi ya faɗe shi kamar mai kiran akuya."

Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, ai ni ƙaninta ne. Bayan wata guda na koma da littafi da alƙalami, na ce ko ta sake faɗa, wannan karon a takarda, in kulle a gafaka. Ta dubi littafin ta ce in sha ruwa. Na sake komawa, ta tambaye ni lafiyar gwiwata. 'Yar wana ta gwada rubuta abin da take tunawa, sunayen suna zuwa mata amma ta kasa tabbatar da wace ta haifi wace. Ta je ta ce, "Gwaggo, ko gyara kawai ki yi mini." Yaya ta shafa kanta ta ce, "Ba laifinki ba ne, 'yar nan. Amma na rufe."

Mai ciwon ƙafar nan ta koma asibiti a makare, yanzu da sanda take tafiya. Har yau wani lokaci waya kan yi ƙara a gidajenmu, a kira tsohuwa da sunan mahaifiyarta. Mun gaya wa kowa kada a saurara, amma na ga yadda fuskarsu ke canzawa duk da haka.

Yaya ta rasu bara, bayan azumi. Hawa ukun da suka rage, ba ta faɗa wa kowa ba. Salsalar maza tana nan a gafaka, da "balaga" na mahaifinmu a gefen kowane shafi. Ta mata ta yanke a gidanmu, kuma tun daga lokacin babu tsohuwar da ta sake ambatar sunan uwarta a inda nake zaune.