Ƙullutun da Shatu Mai Zalabiya Ta Ɓoye

Shekara talatin Shatu ta yi tana suyar zalabiya, wani irin fanke, a bakin kasuwar riɗi ta Gadarif. Kakanninta makiyaya ne, ta kuwa gaji son man shanu, in babu shi a tuwo sai ta ture kwanon. Zalabiyar da duk ta ɗan ƙone, bakinta take jefawa. Mata kan ce, "Masha Allah, Hajja, jiki ya yi kyau," ita ko ta yi ta murna.

Tana da shekara hamsin da takwas, wata safiya a wurin wanka ta ji ƙullutu kamar ƙwallon dabino a nononta na hagu. Sati uku ba ta gaya wa kowa ba, har 'yarta Safaa, wadda ungozoma ce, ta lura tana yawan dafa wurin.

"Inna, me kike ɓoye mini?"

"Ba komai, ɗan maruru ne."

"Marurun da ba ya ciwo? Gobe sai mustashfa."

A asibitin Madani aka tabbatar sankara ce, amma ba ta bazu ba. Aka yi mata aiki, ta sha wahalar magani wata shida, har gashinta ya zube. Ranar sallama ta tambayi likitar, "Ya daktora, man da nake ci ne ya ja mini?"

"Ba zan ce shi kaɗai ba, Hajja, ramammu ma suna kamuwa. Amma in mace ta daina al'ada, yawan kitse yana ƙara haɗarin. Ki rage mai, ki riƙa tafiya."

Ragewar ba ta zo da sauƙi ba. Da Safaa ta ɓoye kwalbar man shanu, kwana biyu Shatu ba ta amsa gaisuwarta ba. Daga baya suka shirya a kan cokali ɗaya ranar Juma'a. Ta daina hawa raksha, keken haya mai ƙafa uku, tana takawa kasuwa a ƙafa, ta kuma ƙara tukunyar dafaffen wake a gefen kaskonta. Shekara uku ke nan ana dubawa, ba a ga komai ba.

Bara, Kande mai shayi, maƙwabciyarta a kasuwa, ta ja ta gefe, ta ce ita ma ta ji wani abu a nononta. Shatu ta sauke kasko da mai yana tafasa.

"Ɗauko mayafinki," ta ce. "Tare za mu je, yanzu."