Dalmar Mikail

Shekara ashirin ina ɗinki a shagon da ke jikin na Malam Isyaku mai gyaran rediyo a Zaitawa, ban taɓa ganin abin da ya gagare shi ba sai jirgin nan.

Ɗan ƙaramin jirgin sama ne na soso da katako, ana tuƙa shi da rimot. Su biyu suka haɗa shi, shi da amininsa Mikail, wanda suka koyi gyara tare tun suna samari. Mikail ya rasu kafin a gwada jirgin. Tun daga nan Isyaku ba ya zama majalisar kowa. In an yi la'asar sai ya rufe shago ya ɗora jirgin a keke, ya nufi filin bayan Ƙofar Dawanau shi kaɗai.

A kan tebur jirgin lafiya lau yake. Amma in ya tashi, da zarar injin ya girgiza shi sai wuta ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Ya sauya batir, ya sauya eriya, ya goge makunni. Ni har haushi yake ba ni.

Ranar da sojoji suka miƙa mulki, unguwa duk an kewaye rediyo ana sauraron rantsuwa. Na leƙa shagon Isyaku na tarar da shi yana bin wayoyin jirgin da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan wani haɗi mai dalma dunƙule, ba ƙyalli, sai ya tsallake.

Na ce, "Malam, ko ni tela na ga wannan bai kama ba."

Ya ce, "Na sani tun bara."

"To ka narka ka sake mana!"

"Mu masu gyara muna gane dalmar juna kamar rubutu. Wannan ta Mikail ce. Hannunsa na rawa ya yi ta, sati guda kafin ya kwanta. In na narka ta, me ya rage min nasa?"

Kunya ta kama ni.

Ran nan na bi shi filin. Jirgin ya yi kewaye biyu, wuta ta ɗauke, ba ta dawo ba. Ya faɗo ya tarwatse. Isyaku bai ko kalli fiffiken ba. Ya durƙusa yana tona tarkacen har ya samo guntun wayar, ya hure ƙasar da ke jiki, ya sa a aljihun gaba.