Ƙofar da Daeng Mallongi Ya Ƙi Buɗewa

Duk wanda ya bi ta unguwar masunta a garin Parepare na bakin teku ya san tsohuwar tukunyar ƙarfen da ke rataye a barandar Daeng Mallongi. Babu komai a cikinta, amma kowace Juma'a sai ya goge ta da man kwakwa.

Mallongi ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa a ɗakin injin wani jirgin ruwa na dakon kaya. Al'adar ma'aikatan jirgin ce su shanya wanki a ɗakin saboda ɗuminsa, shi kuma kuku, La Tunru, can yake ɓoye buhunan gawayin ɓawon kwakwa don kada su yi laima. Ranar da abin ya faru, Mallongi ya shanya zanen alharini da matarsa Indo Cenning ta saƙa masa da hannunta.

Da hantsi, suna tsakiyar teku, bututun mai ya fashe a kan ƙarfe mai zafi, wuta ta tashi ta kama buhunan. Mallongi ya tabbatar kowa ya fito, ya rufe ƙofa da tagogin iska, ya ja mariƙin tukwanen kashe gobara. Iskar da ke cikinsu mai sinadarin bromin ce. Ba ta sanyaya wuta kamar ruwa. Shiga take yi tsakanin iskar da ke hura wuta da abin da ke ci, ta hana gawayi da gubar hayaƙinsa ci gaba da ƙonewa. Sai dai garwashi yakan zauna da zafinsa. In aka buɗe ƙofa maganin ya fice, wutar dawowa za ta yi, kuma babu sauran tukunya a jirgin.

Da rurin ya lafa, La Tunru ya matso.

"Daeng, ta mutu fa! Buɗe mu gani."

"Barci take yi, sarkin gawayi. Kai ka kawo mata abinci, yanzu kuma za ka yi mata fifita?"

"To zanenka fa? Wallahi in ka koma gida babu shi, wutar Indo Cenning ta fi wannan."

Ma'aikata suka yi dariya, Mallongi bai yi ba. Ya san watannin da ta shafe a kan masaƙa, yana kuma jin cewa da ya leƙa da sauri wataƙila ya tsamo shi. Hannunsa har ya kai kan mariƙin ƙofar. Sai ya janye, ya zauna ya jingina bayansa da ƙofar.

"Wanda zai shiga, sai ya fara ɗaga ni," in ji shi.

A nan ya yi azahar da la'asar a zaune, La Tunru na miƙo masa shinkafa da busasshen kifi, har wani jirgi ya iso ya ja su zuwa gaɓa. Da masu kashe gobara suka buɗe, suka tarar cikin buhunan jajir yake. Zanen kuwa, gefe ɗaya ne ya rage.

Ya miƙa wa matarsa guntun, kansa a ƙasa. Ta juya shi, ta dube shi.

"Zane dai zan saƙa wani, Daeng. Miji ne ban iya saƙawa ba."

Daga baya aka daina amfani da irin wannan iska saboda illarta ga sararin sama, aka sauke tukwanen. Mallongi ya roƙi wadda ya ja mariƙinta. Guntun zanen da shi yake goge ta, yana yi wa waɗanda suka haɗa maganin addu'a, ko da yake bai san sunan ko ɗayansu ba.