Kwamfutar Da Na Ɗaura Wa Ƙarin Ruwa

A waccan bazarar zafin Rano ya kai ka ajiye ɗanyen ƙwai a kan benci, ka je salla ka dawo ka ɓare abinka. Ina da ɗan shago a bakin titi inda nake haɗa bidiyon biki. Kwamfutata ɗaya tal, a cikinta kuma akwai bidiyon saukar karatun wata Islamiyya ta Rurum, ba shi da kwafi ko'ina, don na riga na ɗauki wani biki a kan kaset ɗin. Iyayen yara suna jira ranar Juma'a. Ita kuwa da na sa ta aiki, minti goma sai ta ɗauke kamar an mare ta.

Na rantse sai na sanyaya ta da ruwa. Na samo robar ƙarin ruwa a kemis, da ɗan famfon wanke gilashin mota, da ƙaramin lagireto, da gorar ruwa, da guntun jan ƙarfe da mai walda ya huda mini. Na ɗora ƙarfen a inda take ɗaukar zafi, na haɗa su duka da robar don ruwan ya riƙa zagayawa. Maƙwabcina mai faci ya leƙo ya ce, "Malam, jikin nata ya yi tsanani haka? In sanar da dangi?"

Na ce, "Sanar da su, ka ce kai ne mai jinya."

Ɗigo ɗaya a kan allon cikinta ya isa ya kashe ta, don haka ban ba ta wuta ba. Famfon kaɗai na jona da batirin mota, na shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗa, na zauna gadi. Daga hantsi har la'asar takarda a bushe ƙamas. Amma ruwan gorar ya ragu da faɗin farce.

"Zafi ne ya shanye," in ji mai faci. "Kunna kawai, Injiniya."

Na ce gorar a rufe take, zafi kuma ba shi da hannu. Na cika ta, na ja layi da biro. Washegari ta sake raguwa. Na bi mahaɗan nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, wata ma har da harshe. Ashe ɗigon bushewa yake tun bai faɗo ba.

Rana ta uku ina dawowa daga azahar sai ga kiyashi sun yi layi daga bango. Suka wuce ragowar ƙosaina ko kallo, suka yi cincirindo a ƙarƙashin jan ƙarfen. Da bazara ba wanda ya fi su sanin inda ruwa yake. Na juya robar, ga tsaga kamar silin gashi, daidai saman allon.

Na yanke wurin, mai faci ya ɗaure mini da robar taya yana tsaki. Duk da haka na ƙara wuni guda. Kiyashi suka zo, suka zaga, suka koma. Ruwa yana kan layinsa.

Ranar Alhamis na yi bismilla na danna. Awa uku tana aiki ko tari ba ta yi ba, har yarinyar ƙarshe a bidiyon ta kai aya, malaminsu ya shafa fatiha.