Takobin Kawu Ya Sha Ado

Kawuna na Gwaram yana da wani takobi rataye a ɗakinsa, sama da buhunan gero. Tun muna yara yake ce mana kakan kakansa ne ya zo da shi, kuma ƙirar Turai ce, tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan. Kowa ya yarda, ban da taubashinsa na Birnin Kudu, wani tsoho mai bakin tsiya. Duk taron da suka haɗu sai ya ce, "Wannan? A kasuwarmu babanka ya saye shi don fafe kabewa." A kwashe da dariya, Kawu ya ƙi cin tuwo. Abin yana ci masa rai ƙwarai, don gidan ba sarauta, ba garke. Takobin nan shi ne asalin.

To ni yawo ya kai ni wurare. A wata ƙasar Turai ruwan sama ya taɓa koro ni cikin gidan kayan tarihi, na tarar da wani Bature yana duban takubba kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Muka saba. Shi ya nuna min cewa ado ne ke faɗin shekarun makami. Wani zamanin ganye maƙeransu ke zanawa, wani zamanin zaki, wani kuma jinjirin wata mai ido da hanci.

Da na dawo na je gaida Kawu, na zare takobin. Can kusa da ƙota sai ga watan nan, da hancinsa. Ya dushe dai, don duk Sallah Kawu sai ya dirje shi da toka da lemon tsami.

Na ce, "Kawu, ga shaidarka. Turawa da ado suke gane tsufa." Na zayyana masa duk abin da na gano. Wayata ta mutu ranar, sai na yi alkawarin in na zo sunan jikarsa zan ɗauki hoto in tura wa Baturen.

Ya ce, "Ado ka ce?"

Na ce, "Ado."

Ranar suna zaure ya cika, taubashin na gaba-gaba. Kawu ya fito da takobi naɗe a zane, ya kware shi a hankali kamar mai buɗe amarya. Ashe ya kai wa maƙerin gari. Ga ganye tun daga ƙota har tsini, ga zaki mai kama da bunsuru, ga taurari. Da wuri ya ragu, maƙeri ya ƙara jirgin sama, gyara.

Na rage murya na ce, "Kawu, ina watan?"

"Mai hancin nan? Ai ya tsufa, ba ya ma ganuwa. Na sa an goge shi. Kuma wata da hanci a ɗakin da nake sallah?"

Taubashin ya karɓa, ya juya shi, ya dube ni. "Ɗana, kai ka je Turai. Tsakaninka da Allah, wannan jirgin na kakan kakan wa ne?"

Kawu ya ƙura min ido.

Na ce wa taubashin, "Baba, na rantse ko Baturen nan aka kai wa, sai ya ce bai taɓa ganin irinsa ba."

Kawu ya miƙe tsaye. "Kun ji ko? Ko a Turai babu!"

Tuwo ya ci ranar har da ƙari. Taubashin bai haƙura ba, da kaka ya aiko masa da kabewa a kan acaɓa. Amma tunda an goge shaida, ba mai iya cewa ga inda takobin ya tsaya, sai ya shiga ƙara tsufa. Zuwana na bara na tarar ya kai zamanin Fir'auna. Na tuna wa Kawu da watan, ya ce shi bai san wani wata ba.