Daƙiƙa Takwas da Yaya Sani Ya Bar Mana

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sani. Duk sanda na waiwaya, tunanina yakan tsaya ne a kan ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na yammar wata Litinin, kwana biyu kafin rasuwar. Kwamfuta ce ta rubuta lokacin a jikin fayil ɗin, kuma yana nan har yau.

A waɗancan shekarun Kano ba ta zaune lafiya. Shingayen bincike ta ko'ina, dokar hana fita a sa yau a ɗage gobe, mutanen unguwarmu ta Yakasai su shige gida tun rana ba ta faɗi ba. Yaya Sani tela ne, kuma da ɗinki ya ja baya sai ya koma kan wata tsohuwar kwamfuta da ya ajiye a soron gidanmu. Akwai wani jarumin fina-finan Indiya da yake mutuwar so. Sai ya yanko rawarsa daga faifai daban-daban, ya ɗora a kan waƙar Hausa, ya yi ta gyara har ƙafar mutumin ta riƙa sauka daidai da bugun kalangu. Ba sayarwa yake yi ba. Samari ne ke tura wa juna ta bulutut, daga unguwarmu har Dala.

Ni a lokacin shekarata goma sha huɗu, ba na iya haɗa ido da baƙo, amma rubutuna yana da tsabta. Shi ya sa ya saya mini littafi, ya ce in riƙa rubuta bayanin kowane aiki. Shi ya koya mini cewa bidiyo hotuna ne a jere, suna wucewa da saurin da ido ba ya kamawa. Na faifai hoto ashirin da biyar ne a daƙiƙa ɗaya, na wayarsa kuwa talatin. Yakan ce, "Malama Binta, yadi biyu ne da ba sa ja iri ɗaya. Kika haɗa su ba ki lura ba, ɗinkin zai tattare."

Ranar Litinin ɗin ya kammala wani sabon aiki. A karon farko ya sa fuskarsa a ƙarshe: abokinsa Modu ya ɗauke shi da wayar Yaya yana gaida masu kallo, daƙiƙa arba'in cif. Ya ce in juya fayil ɗin ya ƙanƙance yadda zai shiga ƙaramar waya, ya fita ƙofar soro wurin abokansa da ke musun ƙwallo. Manhajar ta tambaye ni hoto nawa a daƙiƙa. Na yi kokwanto. Tambayarsa na nufin in ɗaga murya a gaban maza biyar. Na duba littafina, na ga kusan kowane shafi ashirin da biyar ne, na danna. Da ta gama, na goge babban fayil ɗin don a samu wuri, kamar yadda muka saba.

Rawar ta fito lafiya. Amma da aka zo kansa, sai muryarsa ta riƙa riga bakinsa. Tun ana iya jurewa har tazarar ta yi yawa. Magana ta ƙare, shi kuwa yana nan daƙiƙa takwas, bakinsa na motsi babu sauti, ya gyara hula, ya yi wa Modu dariya.

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Wato ni ma kin mayar da ni fim ɗin fassara." Modu ya ce, "Ai gara haka, dama surutunka ya ishe mu." Yaya ya dafa kaina. "Gaisuwar tana cikin wayata. Jibi in na dawo daga kasuwa sai mu sake."

Jibin ya tafi sayen zare. Ɗaya daga cikin hare-haren shekarar ya rutsa da shi a hanya, wayar tana aljihunsa. Allah Ya jiƙansa.

Da aka watse zaman makoki muka gane cewa wannan karkataccen bidiyon ne kaɗai muke da shi mai ɗauke da muryarsa. Modu ya sa wa Umma a wayarta. Duk wayar da ta canza tun daga nan, abin da za ta fara cewa a kwafa mata ke nan. Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Ni kuwa duk ranar da na ji shi yana tashi daga ɗakinta, sai in ji ni ce na raba ɗanta da maganarsa saboda kunyar tambaya guda.

Yau ina yawan tunanin me zai ce da ya ga zamanin nan. Aikin da yakan ci masa kwana huɗu, yanzu 'yan ajinmu a jami'a suna yin sa a waya a cikin adaidaita sahu, kuma wayar ce ke daidaita hotunan ba tare da ta tambayi kowa ba. Na san zai fara da tsaki, ya ce ba su san wahala ba. Bayan nan zai karɓi wayar ya hana mai ita. Inda zai tsaya kai da fata shi ne ƙafa da kiɗa: nakan ga bidiyon da dubban mutane suka yaba, amma taku yana sauka bayan bugu, sai in ji muryarsa yana cewa ɗinkin ya tattare.

Abin da na gada a wurinsa ke nan, duba abu sau biyu. Na kuma koyi yin tambaya, ko da a cikin taro ne, ko da murya za ta yi rawa. Keken ɗinkinsa yana wurin Modu. Littafin yana wurina.

A cikin littafin nan na samu mafita, watan jiya. Daƙiƙa arba'in sau talatin, hoto dubu ɗaya da ɗari biyu. Raba su ashirin da biyar-biyar, daƙiƙa arba'in da takwas. Ashe babu hoto ko ɗaya da ya ɓata, tafiyarsu ce kawai ta yi nauyi. Na ƙara musu sauri, baki ya haɗu da murya kamar ba su taɓa rabuwa ba.

Na kai wa Umma bayan la'asar, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta goge hannu, ta kalla sau biyu, ta sa mini albarka. Na ce, "Umma, in goge miki na dā, in bar wannan?" Sannan, tunda bakina ya riga ya buɗe, na ƙara da abin da na shekara goma sha ɗaya ban faɗa ba: "Ni na ɓata wancan. Ba ki ji haushina ba?"

Ta miƙo mini wayar, ta ja farantinta.

"Haushin me, Binta? Ki ajiye gyararren a wurinki, ki bar mini nawa. A wannan yana gama magana yake tafiya. A nawa kuwa yakan ɗan tsaya."